Cappal Waddi, dutsen da ke shayar da Binuwai

A kan iyakar Nijeriya da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, akwai wani dutse mai tsawon mita 2,419, wanda duk faɗin Nijeriya babu wanda ya kai shi. Hawansa da wuya, hanyarsa da nisa, amma wanda Allah ya nufa ya kai ƙololuwarsa ya kan ga da idonsa inda ruwan manyan koguna ke fitowa, ya kuma ga abin da ke neman ƙafar da shi.

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in an yi masa zancen dogon dutse, hankalinsa ya kan tafi Abzin ne, ga tsaunin Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tages ta kai mita 2,022, ita ce kuwa wuri mafi tsawo a ƙasar Nijar. To, Cappal Waddi ya ɗara ta da kusan mita 400. Bambancinsu bai tsaya ga tsawo ba. Duwatsun Abzin baƙaƙe ne tsirara a tsakiyar hamada, shi kuwa wanga dutse lulluɓe yake da ciyawa da kurmi, gajimare na kwana a kansa watanni da dama a shekara.

Sunan daga Fulatanci ya fito. Kalmar cappal ko cabbal tana nufin tudu mai faɗi a bisa tsauni, inda shanu ke kiwo, shi ya sa ake samun ta a sunayen duwatsu da yawa na yankin, kamar Cappal Hendu a Nijeriya da Cabbal Mbabo a Kamaru. Wasu kuma suna kiran dutsen Gangirwal, sunan da aka saba fassarawa da dutsen mutuwa. Wanda ya leƙa kwazazzaban da ke gefensa ba zai tsaya tambayar dalilin sunan ba.

Gandun da dutsen yake ciki

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400. Tun a shekara ta 1972 hukumomin jihar Arewa maso Gabas ta wancan zamani suka keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti domin kare namun daji, sa'an nan a 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su ta mai da su gandu ɗaya na ƙasa. A cikin wannan shekara ce kuma aka raba tsohuwar jihar Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, sai gandun ya kasance yana da ƙafa a kowace. Ɓangaren Gumti, na arewa, yana cikin Adamawa, shimfiɗaɗɗen daji ne mai dogayen ciyayi da itatuwa jefi-jefi, wanda ya san gandun W na kudancin Yamai ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Ɓangaren Gashaka, na kudu, yana cikin Taraba, shi ne ƙasar duwatsu da kwaruruka da kurmi, kuma can ƙarshensa ta kudu, daf da Kamaru, Cappal Waddi yake tsaye.

Wannan hawa da gangara shi ya sa gandun ya tara halittu iri-iri a wuri guda. A ƙasa akwai ɓauna da gwanki da mazo da mugun dawa, a cikin kogin Kam akwai dorina da kada da giwan ruwa da tsage. A cikin kurmi akwai birai kala-kala, da damisa, da ɗan-kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke naɗewa in ta ji motsi. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 500. Abin da ya fi jawo hankalin masana kuwa shi ne babban birin da Turawa ke kira shamfanze, wani jinsinsa da ba a samu ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru. Ana ƙiyasin wajen 1,000 ne ke zaune a wanga daji, yana kuwa cikin manyan mafakarsu da suka rage. Dominsu ne wani malami na jami'ar London, Volker Sommer, ya buɗe aikin bincike a shekara ta 2000 a wani sansani da ake kira Kwano, a tsakiyar kurmi, da taimakon gidan namun daji na birnin Chester a Ingila.

Hanya

Wanda ya taso daga Maraɗi ko Damagaram, Kano ce zangonsa na farko. Daga nan sai Gombe, sai Numan inda ake ƙetare Binuwai, sai Jalingo babban birnin Taraba. Daga Jalingo hanya ta miƙa kudu ta ratsa Bali har zuwa Serti, garin da Lamɗo Gashaka yake zaune, nan ne kuma babban ofishin gandun yake. A Serti ake neman izinin shiga, a biya abin da doka ta yanka, a haɗa baƙo da ma'aikacin gandun daji da zai raka shi. Ba a shiga ba tare da rakiya ba, kuma mai hankali ma ba zai so ya shiga ba. Duk tsawon wannan tafiya Hausa ta ishi matafiyi a tasha da kasuwa, amma da an fara hawa duwatsu Fulatanci ke karɓar ragama.

Daga Serti hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a shiga gandun ta ƙauyen Gashaka, fiye da kilomita 30 daga Serti, a ajiye mota, a kama tafiyar ƙasa ta cikin kurmi, ana ƙetare ƙoramu ana kwana a daji. Zuwa da dawowa ya kan ci mako guda ko fiye, sai masu ƙarfin gwiwa. Ta biyu, wadda yawancin maziyarta ke bi, ita ce a zarce da mota kudu zuwa Mayo Selbe, a hau tudun Mambila ta wata hanya mai lanƙwasa kamar maciji, inda direba ba ya kuskura ya ɗauke ido. A saman tudun, wajen mita 1,600 bisa teku, ƙasa ta kan sake kama gaba ɗaya: tuddai masu ciyawa shar, layukan itacen turare, garkunan shanu, da gonakin ganyen shayi na Kakara. Daga garin Nguroje sai a hau kabo-kabo, wanda mutanen can ke kira acaɓa, zuwa ƙauyen Njawai. Nan hanyar inji ta ƙare. Al'ada ce a fara gaida mai gari, a sanar da shi abin da ya kawo baƙo, a ɗauki ƴan dako daga cikin samarin garin, kana a kama hanya. Daga Njawai zuwa ƙololuwa da dawowa kwana biyu ne zuwa uku.

Hawa

Yinin farko ana ratsa makiyaya ne. Tudu bayan tudu, kowane da ƴar ƙorama a gindinsa, nan da can rugar Fulani da hayaƙi na tashi daga bukka. Tafiyar ba ta da tsauri ƙwarai da farko, abin da ke karya baƙo shi ne duk tudun da ya hau ya zaci shi ne na ƙarshe, sai ya tarar da wani a bayansa. Ƴan dako kan yi ta ba shi haƙuri, domin sannu ba ta hana zuwa. A kan kwana kusa da wata ruga a gindin dutsen, inda ake iya sayen nono da kindirmo, a ɗebi ruwa daga ƙorama, a hura wuta tun kafin magariba.

Sanyi shi ne abin da mutumin Sahel ba ya zato. Masana yanayi sun nuna duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6. Ke nan tsakanin Serti da ƙololuwar dutsen akwai bambancin fiye da digiri 10, ga iska mai kaɗawa ba tare da wani abin da ya tare ta ba. Daren watan Disamba ko Janairu a can ya kan sa mutum ya raina ɗarin da ya sani a gida. Wanda bai zo da bargo mai kauri da rigar sanyi da takalmi mai riƙe ƙasa ba, ya kan kwana zaune a bakin wuta.

Da asuba ake tashi domin hawan ƙarshe. Hanya ta kan bi ta kan doron dutse, ciyawa jiƙe da raɓa, numfashi na ƙara gajarta. A cikin lunguna da kwaruruka kuwa, inda wuta ba ta cika isa ba, a nan kurmin tsauni yake. Wanda ya shiga ciki ya kan ji kamar ya shiga ɗaki mai duhu da sanyi. Gansakuka ta naɗe rassan itatuwa, wani abu kamar farin gemu na reto daga gare su, ƙasa kuma taushi gare ta saboda ruɓaɓɓen ganyen shekaru aru-aru, in an taka ruwa na tsattsafowa. Irin itatuwan nan ba a samunsu a ƙasa mai zafi. Cikinsu akwai wanda masana ke kira Prunus africana, wanda ake sassaƙe ɓawonsa a duwatsun Kamaru ana kai wa Turai domin haɗa maganin ciwon fitsari na dattawa, har ya kai ga tun 1995 aka sa cinikinsa ƙarƙashin sa ido na duniya.

A ƙololuwa

Saman dutsen fili ne mai gajeriyar ciyawa da duwatsu, babu gini, babu rumfa. Gani ya kori ji. In sama ta yi garau, mai tsayuwa a nan ya kan ga ƙasashe biyu a lokaci guda. Kudu maso yamma tudun Mambila ne shimfiɗe, inda aka baro. Arewa kuwa ƙasa ta kan zube ƙasa wuf, kwari bayan kwari cike da baƙin kurmi, can nesa kuma doron Cappal Hendu. Gabas da kudu ƙasar Kamaru ce, wajen Banyo, duwatsu na bin juna har inda ido ya gaza. Da sanyin safiya gajimare kan taru a cikin kwaruruka ƙarƙashin ƙafar mutum, fari fat kamar an baza auduga, kawunan duwatsu kaɗai ke leƙowa.

Ido ba ya ganin iyaka a nan, domin ciyawar Nijeriya da ta Kamaru iri ɗaya ce, shanun ma iri ɗaya. Tarihi ya tabbatar da haka. A ƙarni na 19 Gashaka da Banyo duk suna cikin daular Fulani ta Adamawa, wadda Modibbo Adama ya kafa da tutar Sakkwato. Da Turawa suka zo, yankin ya faɗa hannun Jamus a matsayin wani sashe na Kamaru, har yanzu kuwa akwai kufan ganuwar sojan Jamus a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka. A watan Nuwamba na 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, sojan Ingila suka ƙwace dutsen Banyo daga hannun Jamusawa. Bayan yaƙin aka raba ƙasar, Banyo ta tafi ga Faransa, Gashaka da Mambila ga Ingila. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen wanga ɓangare suka zaɓi shiga Nijeriya. Da ƙuri'ar ta juya, da yau dutse mafi tsawo a Nijeriya wani ne daban.

Rumbun ruwa

Babban abin da ƙololuwar ke nuna wa mai lura shi ne ruwa. Duk inda ya ga baƙin layin itatuwa ya gangara cikin kwari, to ƙorama ce ke ƙarƙashinsa. Yadda abin yake faruwa shi ne, iskar damana mai ɗauke da laima tana tasowa daga teku, in ta ci karo da duwatsu sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Saboda haka damana a nan ta kan fara tun watan Afrilu ta kai Nuwamba. A Kwano ruwan shekara ya kan kai wajen milimita 2,000, wato kamar ninki huɗu na abin da Maraɗi ke samu. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, ganye da gansakuka na tatsar laima daga gajimaren da ke ratsa su, tana ɗiga ƙasa.

Aikin kurmi shi ne riƙe wannan ruwa. Ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwa tana shanye shi kamar soso, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har tsakiyar rani. Ƙoramun nan su ke haɗuwa su zama kogunan Kam da Gashaka da Yim, su kuma su zuba cikin kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa. Taraba ya faɗa Binuwai, Binuwai kuma ya sadu da kogin Isa, wanda mutanen Nijeriya ke kira Kwara, a Lakwaja. Shi ne babban reshen kogin duka. Saboda Binuwai ne ƙasashen Kamaru da Cadi suke cikin hukumar kula da kwarin kogin Isa, mai ƙasashe 9, wadda cibiyarta take a Yamai. Ke nan masunci a Makurɗi da mai noman rani a bakin Taraba suna cin arzikin wani kurmi da akasarinsu ba su taɓa jin sunansa ba. In kurmin ya tafi, ruwan sama ba zai fasa sauka ba, sai dai ya gangaro gaba ɗaya da damana ya yi ambaliya ya kwashe ƙasa, da rani kuma ƙorama ta ƙafe.

Shanu, wuta da gatari

Daga ƙololuwar ana ganin wani abu kuma, musamman da rani: baƙaƙen tabo a jikin tuddai, da hayaƙi na tashi nan da can. Abin da ya jawo makiyaya bisa duwatsun nan a fili yake. Akwai ciyawa da ruwa, kuma sanyi ya hana ƙudan tsando zama, shi ne kuwa mai kashe shanu a kwari. Da aka shata gandun an tarar da mutane a ciki, sai doka ta bar musu wasu keɓaɓɓun wurare, irin su Cappal Hendu da Filinga, inda aka yarda su yi kiwo da noma. Amma garke na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa, ga kuma baƙin shanu da ke kwararowa daga arewa da rani, tun bayan farin 1973 da na 1984 da suka tura makiyaya da yawa kudu.

Kowace shekara, da ciyawa ta bushe, sai a cinna mata wuta domin sabon toho ya fito. Wutar ba ta cinye kurmi a rana ɗaya. Ta kan lashi bakinsa ne, ta kashe ƙananan itatuwa, baɗi ta ƙara shiga taki kaɗan. Shanu kuma in sun shiga neman inuwa da ruwa sai su tattake bakin ƙorama, su cinye tsiron da zai gaji manyan itatuwa. A haka kurmi ke tsufa ba magaji. Makiyayin da ke yin haka ba mugunta ce ta sa shi ba, abincin dabbarsa yake nema, kuma shi ne na farko da zai sha wuya ranar da ƙoramar ta ƙafe. Ƙuncin fili a yankin ba abin wasa ba ne: a watan Yuni na 2017 rikici tsakanin manoma da makiyaya a tudun Mambila ya ci rayuka da dukiya mai yawa.

A ƙasa kuma gatari ne. Cikin shekarun 2010 kasuwar itacen madobiya ta buɗe a ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da shi. Ƴan katako suka bazu cikin dazuzzukan Taraba, manyan motoci na fita da gungume dare da rana, da itacen ya ƙare a waje kuma suka fara kutsawa cikin gandun. A farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu. Ban da su akwai mafarauta da masu haƙar ma'adinai ba da izini ba, kuma ma'aikatan gandun daji sun rasa rayukansu wajen tare su. Zaki da giwa, waɗanda dattawan yankin suka sani, sun zama labari a mafi yawan dajin. Ɓauna ma sai da annobar bushiya ta farkon shekarun 1980 ta kusa share ta.

A shekara ta 2017 hukumar gandayen daji ta Nijeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniya ta dogon lokaci da wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƴan ƙasar, Africa Nature Investors, domin su tafiyar da gandun tare. Daga nan aka shiga ɗaukar samarin ƙauyukan kewaye aikin tsaro, ana horar da su, ana ba su kayan aiki, ana kuma zama da sarakuna da ardo-ardo a kan maganar kiwo. Na'urorin ɗaukar hoto da aka ɗaura a jikin itatuwa sun nuna damisa da shamfanze da ɗan-kunya na nan da ransu. Sai dai bindigar ma'aikaci ba ta isa ta tsare daji mai wannan faɗi ba in mutanen da ke zaune a bakinsa ba su ga amfaninsa ba. Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun san wannan magana, tunda itatuwa miliyoyi da suka dawo gonakinsu daga tsakiyar shekarun 1980 sun dawo ne lokacin da mai gona ya tabbata itacen da ya raina nasa ne.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin tafiya shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka janye, hanyoyi suka bushe. Amma akwai wani hanzari: a tsakiyar hunturu ƙurar da ke tasowa daga hamada ta kan kai har can, ta rufe sararin sama, mutum ya sha wahalar hawa ya tarar ba ya ganin ko dutsen da ke gabansa. Wanda ke son gani mai nisa gara ya nufi ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya yi ƙarfi, lokacin kuma ciyawa ba ta riga ta ƙone ba. Ya kamata ya tanadi takardunsa na shaida, domin yankin iyaka ne, ya canza kuɗinsa zuwa naira tun daga birni, ya kuma tambayi ofishin gandun halin da hanya take ciki kafin ya taso, ya guji tafiyar dare.

Dokokin wurin kaɗan ne: ba a farauta, ba a sare itace, ba a barin wuta da rai a sansani, kuma duk leda ko gwangwanin da mutum ya hau da shi sai ya sauko da abinsa. Kuɗin da baƙo ya biya a Serti, da ladan ɗan dako a Njawai, da nonon da ya saya a ruga, ba su da yawa, amma suna cikin abubuwan da ke nuna wa mutanen yankin cewa kurmi a tsaye ma yana kawo abin sawa a baka.